Yatsa Biyu a Takarda

Shekara tara ina koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma a duk shekarun nan babu ɗalibin da ya ɗauki zanena da muhimmanci kamar mahaifina, Malam Tamba. Da ma bai ɗauka ba.

Baba mutumin Gulma ne, ya san ruwan Gulma kamar yunwar cikinsa. Bana ya samu fili a fadamar Zauro, inda bai san halin gulbin ba, ya ce zai yi fangalin irin albasa. Irin nasa ne na hannu, wanda ya shekara goma sha biyu yana zaɓe yana adanawa, kuma a gwangwani ɗaya yake duk duniya.

Ni kuwa uwar iyawa sai na ce zan taimaka. Ƙawata Caroline tana aiki a ofishin masu auna ruwa, ta ba ni awon tsayin gulbi na shekarun baya. Na zana shi a takarda mai gida-gida, watanni a kwance, tsayin ruwa a tsaye. Layin ya hau ya yi tozo a Agusta, ya sauka kaɗan, sannan ya sake hawa ya yi babban tozo a Satumba. Don ya shiga shafi ɗaya na matse shi, kowane gida ya tsaya a matsayin kusan kamu guda na ruwa. Na rubuta hakan a gefe da ƙananan lambobin boko, na ba direban motar Argungu ya miƙa masa, na kira shi a waya.

"Baba, in ruwa ya sauka a Agusta kada ka yarda da shi. Tozon farko ya fi maƙwabtansa ne kawai. Na biyun ne babba."

"Na gane, ɗiyata. Na biyu shi na babba."

Ya gane kuwa. Sai ya ɗora hannu a takardar ya auna tsakanin tozon farko da na biyu, ya samu yatsa biyu. Da ruwan Agusta ya ja, ya je ya ga shaidar da ya bari a ƙasa, ya tayar da ganuwar laka a kanta. Da yake shi mutum ne mai tsantseni, bai tsaya a yatsa biyu ba, ya yi taƙi guda cur. Maƙwabcinsa Maigandi ya ce masa wurin nan ruwa na cin mutum har ƙugu. Baba ya fito da takardar daga aljihu, ya ce ɗiyarsa malama ce a Birni. Ya zuba irin duka.

Ruwan Satumba ya zo daidai yadda na zana, ko kuskuren mako bai yi ba.

Na iske su da hantsi a bakin hanya, shi da Maigandi, suna kallon inda fangalin yake a da. Wani mai kwalekwale yana jefa birgi, komar kamun kifi, a wurin. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, na fara bayanin lambobin gefe, ina ji da kunnena yadda bayanin ba shi da amfani.

Maigandi ya ce, "To, ga aikin takarda."

Baba bai ko dube shi ba. "Takarda ba ta yi ƙarya ba. Ta ce na biyu ya hi, kuma ga shi ya hi." Ya ninke ta a hankali ya mayar aljihu, sannan ya juyo gare ni. "Riskuwa, baɗi in za ki aiko, ki biɗo takarda mai tsawon gulbin. Ni kau in biɗi iri wurin mutane."