Sabuwar Taga a Falon Dabo

Iya Amarya ta haura saba'in, amma har yau Amarya ake ce mata, kuma in ta yi magana ba ta maimaitawa. Da ƙaramar salla ta zo Keffi daga Nasarawa, gidan ɗanta Dabo a Angwan Iya. Ta yi sallama, jikarta Nana Aisha ko waiwayowa ba ta yi ba, ido na kan talabijin, baki a sake. Tsohuwa ta ce, "Dabo, in na dawo na tarar da akwatin nan a falo, yarinyar nan ta bi ni Nasarawa, in riƙe ta har aure." Kuma gaskiyarta, yaron da ba ya gaisuwa ai ba a yi komai ba.

Nana kuwa 'yar fari ce. Uwarta Halima Sadiya ko sunanta ba ta kamawa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce a bar mata 'yarta. In Iya ta ce a haɗa kaya, da hannunta za ta haɗa, ta koma ɗaki ta yi kukanta.

To, kun san 'ya'yan zamani. Iya na tafiya aka ce gobe za a cire, gobe ta zama jibi, aka manta. Sai wata Asabar da rana wayar Dabo ta yi ƙara.

"Mun wuce Laminga," in ji Iya. "A dafa min ruwan wanka."

Gida ya kacame. Dabo ya rungumi talabijin ya ja, ashe mai gyara ya ɗaure ta a bango kamar ba za a mutu ba. Ya gwada da wuƙar kicin, wuƙa ta lanƙwashe.

"Maigida, bar ta! Kwaso wayoyin!"

Wayoyi kuwa sun fi taliyar biki yawa, baƙi da fari, duk a cukurkuɗe. Sadiya ta tura dikoda cikin babbar tukunya ta rufe, ta cusa cajoji da takalman Nana a ƙarƙashin kujera, tana turawa da ƙafa suna fitowa ta ɗaya gefen. Dabo ya hau tsani ya shanya babbar rigarsa a kan farantin tauraron ɗan'adam da ke bisa rufin kwano. Suna gudu suna karo, dariya na kama su, su tuna abin da ke tafe su sake zabura.

Sadiya ce ta kawo dabarar. Ta ciro labulen ɗakinta, suka buga ƙusa biyu, suka rataye shi a kan talabijin. Ta ja baya ta duba, ta tafa hannu. "Wallahi taga sak!"

Iya ta iso, ba wuta, zafi kamar a gasa masara. Nana ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, don an sha gaya mata. Tsohuwa ta bi falo da ido, tsaf, ko tsinke babu.

"Madalla. Dabo, buɗe min tagar can, iska ta shigo."

"Ai ta ƙage, Iya."

"Ɗage labulen."

"Akwai warin kwata ta bayan, Iya," in ji Sadiya, ta rarumo mafici tana yi mata fifita da hannu bibbiyu, har ɗankwalin tsohuwa na tashi.

"Ikon Allah. Ni dai a sanina kicin ne a bayan bangon nan. Yaushe kwata ta shigo?"

Daidai nan yaran unguwa suka ɗauki ihu, an kawo wuta! Ashe a cikin gaggawa wayar wuta da ta eriya sun tsira. Labule ya yi haske, ya koma kore, taga ta ware murya tana sharhin ƙwallo. Dabo bai san sanda ya ce "Buga mana!" ba, sannan ya toshe bakinsa.

Mafici ya faɗi daga hannun Sadiya. Ta sunkuyar da kai.

Iya ta dubi taga, ta dubi ɗanta. Kafaɗunta suka fara motsi, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, tana bugun cinya.

"Zo nan, ƙawata," ta ce wa Nana. "Ke ba ki da laifi. In na tafi da ke, na bar manyan marasa lafiyar a gida. Ki zauna wurin uwarki. Akwatin ne zai bi ni Nasarawa."

Sadiya ta fice da gudu ba ko takalmi, ta dawo da mai gyara riƙe da hannun rigarsa, tana ta "Yi sauri, bawan Allah, kada ta sake shawara!"

"Iya," in ji Dabo a hankali, "ko a bari a tashi wasan?"

"Kwance shi. Kuma ka haɗo min da ɗan abin latsawar nan, ka nuna min inda ake ƙara murya."