Ramin Rini na Ƙarshe a Ƙofar Wambai

Tun ranar da aka shafa jan fenti a katangar marinarmu hankalina bai kwanta ba. Za a faɗaɗa titi. Wai idan ma'aikacin gwamnati ya zo ya tarar sana'ar tana raye, za a karkata titin a bar mana wurin. Idan kuwa ta mutu, a cike ramin da ƙasa.

Ramuka arba'in kakanmu ya bari. Yadin kanti ya cinye wasu, sauran kuma yayyena suka guje su, wannan yana jan keke, wancan yana gadi a Abuja. Saura ɗaya tal, shi mahaifina Malam Sabitu, wanda muke kira Baffa, yake lallaɓawa.

Ni kuwa malamar tarihi ce a wata sakandare a Yelwa. Kullum ina cika wa ɗalibai baki cewa kafin haƙar kuza, kafin man fetur, rini da saƙa ne suka riƙe ƙasar nan. Amma ko sau ɗaya ban taɓa tsoma hannu a ramin ba, don a gidanmu mace ba ta shiga marina.

Ranar Talata ma'aikacin ya iso, wani dattijo mai suna Obadiya, da takardarsa. Kwana bakwai kenan da Baffa ya haɗa shuni da toka, kuma ruwan bai yi kumfa yadda yake so ba. Na tsaya a bakin ƙofa.

Baffa ya tsoma farin ƙyalle, ya jima, ya fito da shi kore shar.

“Malam, ai wannan kore ne,” in ji Obadiya, yana buɗe biro. “Ruwan ya lalace ke nan?”

“Yallaɓai, a bar shi ya sha iska,” in ji Baffa.

Muka zuba wa ƙyallen ido. Wallahi har tausayin Baffa ya kama ni. Can sai gefe ya fara duhu, a hankali launin ya bi jikin ƙyallen har ya zama shuɗi. Na sauke ajiyar zuciya, ina zaton an gama.

“Madalla,” in ji Obadiya. “Saura layi ɗaya. Sunan wanda zai ci gaba da aikin bayanka. In babu, ba za su karkata titi saboda mutum ɗaya mai shekara saba'in ba.”

Baffa ya dubi ramukan da aka daɗe da binnewa. Obadiya ya jira, ya sake jira, sannan ya fara naɗe takardar.

Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na shiga ba. Na naɗe hannun riga, na ɗauki muciyar da ake motsa ruwan da ita.

“Rubuta sunana, Rukayya Sabitu,” na ce.

Obadiya bai rubuta ba, Baffa yake kallo. Ni ma shi nake kallo, ina jiran ya kore ni a gaban baƙo. Ya daɗe yana duban hannuna a kan muciyar kakanmu, sannan ya matso.

“Ba haka ake riƙe ta ba,” ya ce. “Sauko da hannunki ƙasa.”