Ruwan Jegon Safara'u

Shekarar da damina ta ƙi mu karo na biyu a jere, rijiyoyin ƙauyenmu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. A shekarar ce autata Safara'u ta dawo gida goyon ciki. Ta haifi namiji, aka sa masa Khalilu.

Jego ruwa yake ci. Wankan safe, wankan yamma, ga kunun kanwa, har kwana arba'in. Uwarta Barira ta zo ta dire tulu a gabana, babu ko ɗigo a ciki.

"Malam, da me zan dafa mata ruwan wanka? Da yawu?"

"Za a samu," na ce.

Rijiya ɗaya ce ta rage da ruwa a unguwarmu, ta ƙanena Sama'ilu. Ni kuwa shekara tara ke nan da na rantse da Allah a gaban jama'a cewa ni da iyalina mun bar shan ruwanta. Wata ɗorawa ce a kan iyakar gonarmu ta gado ya sare ba da sanina ba. Tun daga nan sai gaisuwar masallaci.

Don haka na ɗora wa jaki garwa huɗu na nufi Ramin Bature. Tsohon rami ne yamma da gari, tafiyar sa'a guda, inda wasu Turawa suka haƙi dutse a zamanin mahaifina. Suka kwashe abin da suka zo nema, suka bar ramin ya cika da ruwa. Ba ya ƙafewa. Ruwan garai-garai, kana hango tsakuwar ƙasa. Babu gansakuka, babu kwaɗo, ba a taɓa jin wanda ya ɗauko kurkunu a can ba. Mutane na gudunsa saboda nisa da zancen aljanu. Na yi bisimilla na ɗiba.

Kullum da hantsi nake dawowa. Ina wucewa ta majalisa sai in ce, "Ku yi ta shan jan ruwan Sama'ilu. 'Yata ruwan da ya fi na famfon Kano take sha."

Barira takan fito da jaririn a kafaɗa ta tare ni.

"Angona, ga mai ɗebo mana ruwa ya dawo. Ka ce masa sannu."

"Wane irin ango ne wannan? Garwa huɗu yake ci a wuni, ko fartanya bai taɓa riƙewa ba."

Sai in ji Safara'u tana dariya daga ɗaki. "Baba, kishi kake da ɗan sati biyu?"

"Ke dai shanye kununki."

Tana shanyewa kuwa. Kwano biyu, wata rana uku.

Da aka shiga sati na huɗu dariyar ta ragu. Ciki ya riƙa murɗa mata, bayan gida ya ɗauke, ciwon kai ba ya sauka. Ta ce bakinta kamar ta wuni tana tsotsar kwabo. Khalilu ya rage kama nono, sai kuka. Barira ta ce ɗanyen jego ne, ruwan bai kai zafi ba. Muka ƙara itace. Ta riƙa barin ruwan kunun a wuta har ya ƙone ya koma rabi. Abin ya ƙaru.

Ranar kasuwa na sa su a mota muka je ƙaramin asibiti. Malamin asibitin, wani mai suna Basiru, sa'an ɗana ne. Ya duba idonta da bakinta, ya duba yaron, ya tambayi abin da take ci. Sannan ya tambayi ruwa.

"Ruwanmu ya fi na kowa," na ce. "Daga Ramin Bature nake kawowa da kaina."

Ya ajiye bironsa.

"Baba, bara masu auna ruwa sun zo daga Kano suna neman inda za a haƙa rijiyoyin burtsatse. Sun auna na ramin nan. Akwai dalma a ciki, da wasu ƙarafa da suka narke tun zamanin haƙa. Ido ba ya ganinsu."

"Ai dafa shi muke yi."

"Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kashe dalma. Ruwan ne ke tafiya a tururi, ita ta zauna a tukunya. Abin da uwa ta sha kuma yana bin nono." Ya sassauta murya. "Baba, ba ka lura ko kwaɗo ya ƙi zama a ruwan ba?"

Na lura. Shi ya sa ma na zaɓe shi.

Ya ba da magani, ya rubuta takardar babban asibiti a Kano don a auna jininsu. Ya ce maganin farko shi ne kada ɗigon ruwan nan ya ƙara shiga bakinta.

A mota Safara'u ta jingina da kafaɗar uwarta. Ta ɗago ido ta dube ni.

"Baba, ai ba ka sani ba."

"Yi barci, Auta."

Muna sauka na tuntsurar da randunan gidan duka. Ƙasa ta shanye. Na wuce wajen liman na tambaye shi hukuncin wanda ya karya rantsuwa. Ya ce ciyar da miskinai goma, wanda ba shi da hali kuma azumi uku. A shekarar nan ko mutum huɗu na gidana da ƙyar nake ciyarwa. Na ce azumi.

Da la'asar na ja jaki zuwa ƙofar gidan Sama'ilu. Mata sun yi layi da tuluna har bakin hanya. Da suka gan ni duk suka juyo. Na je can ƙarshen layi na tsaya. Wata ta ce, "Baba, wuce gaba mana." Na ce nan ya ishe ni.

Aka gaya wa Sama'ilu. Ya fito ba takalmi. Ya dube ni, ya dubi garewanin.

"Yaya, jan ruwa ne fa. Ba kamar na famfon Kano ba."

"Na sani."

"Rantsuwar fa?"

"Gobe zan tashi da azumi."

"Lafiya dai?"

"Safara'u ce. Da yaron."

Ya karɓi guga daga hannun matar da ke kan rijiya, ya ce ta yi haƙuri, ya shiga ja da kansa. Ya tsufa, igiyar ta yi masa nauyi. Na kama masa ta baya. Muka cika garwa huɗun. Ya riga ni kama akalar jakin, ya ce ai bai ga jikan nasa ba tun ranar suna.

Barira ta bar ruwan ya kwanta, ta tace da farin ƙyalle, ta tafasa. Safara'u ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Baffa, ruwanka ƙasa-ƙasa yake."

"Sha, 'yar nan. Shi ubanki ya sha ya yi wannan taurin kan."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallaci, na gaya wa jama'a abin da ke cikin Ramin Bature da abin da na yi da hannuna. Ban tsawaita ba. Washegari muka je Kano. Sama'ilu ne ya sayar da tunkiyarsa muka yi tafiyar.

Safara'u ta murmure kafin kaka. Khalilu ya koma kama nono, amma likita ya ce mu sa ido, mai yiwuwa ya yi nawar tafiya da magana. Ya yi kuwa. Sa'o'insa na gudu yana rarrafe. Da uwarsa ta koma ɗakinta na ce a riƙa kawo min shi duk Juma'a. Ni nake riƙe masa hannu biyu muna zagaya tsakar gida, daga rumbu zuwa turken jaki, mu dawo. Yana da shekara biyu da rabi ya fizge hannunsa ya taka shi kaɗai, taku biyar, ya faɗi a kan ƙafafuna.