Rufin Baba Kafinta

"Ajiye bahon nan a tsakar ɗaki," in ji Gwaggo, "ki ɗan zuba ruwa a ciki, kar a gan shi a bushe."

Tela ta ajiye, ta je bakin ƙofa ta leƙa titi, ta dawo, ta sake komawa. Tun safe ta bar keken ɗinkinta ta shigo gidan maƙwabtan nata, zama ya gagare ta. Bincike ake yi a kan kadarorin ƙaramar hukuma, an turo masu awo su bi gidajen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya su yi musu kuɗi, don za a sayar da su. Wanda ke ciki shi za a fara yi wa tayi. In farashin ya fi ƙarfinsa, sai ya kwashe komatsansa. Gwaggo kuwa ba ta da inda za ta kai nata, ga mijinta, Baba Kafinta, kwance rai a hannun Allah.

Matsalar ita ce gidan ya yi kyau da yawa. Baba bai taɓa barin ƙusa ɗaya ta yi tsatsa ba. Mutum ne da za ka zage shi ya yi dariya, amma ka ce ƙofarsa ta karkace, sai ya yi wata bai amsa gaisuwarka ba. Rufin nan da hannunsa ya buga shi, duk layin babu wanda bai sha labarinsa ya ƙoshi ba.

"Gwaggo, in ya farka ya ga bahon fa? Wallahi tona mana asiri zai yi."

"Ke dai roƙi Allah barcin ya yi nauyi."

Ba su rufe baki ba mai awo ya yi sallama. Ya ja tef daga bango zuwa bango, ya ƙwanƙwasa ƙyauren ɗaki ya ce, "Wannan katako ne na gaske." Da ya zo kan bahon sai ya tsaya, ya ɗaga kai.

"Yoyo yake yi? Ban ga shaidar ruwa a silin ba."

Gwaggo ta dubi Tela. Tela ta waiwaya, sai ga idon Baba a buɗe. Ya kalli bahon, ya kalli matarsa, ya daɗe yana kallonta.

"Yaro," ya ce, muryar da ƙyar take fita, "yana yoyo. Wanda ya buga shi bai iya aiki ba."

"Wa ya buga shi, Baba?"

"Wani mai cika baki."

Mai awo ya sake duban silin, ya dubi tsohon, sannan ya sunkuya ya yi rubutu. "Allah ya ba da lafiya," ya ce, ya fita a hankali. Baba ya juya fuskarsa bango. Tausayinsa ya kama Tela har ta kasa haɗa ido da kowa.

Washegari da hantsi Baba ya cika. Farashin da aka yanka daga baya bai fi ƙarfin Gwaggo ba.

Ranar da aka yi ruwan farko, Tela ta yafa gyale ta tsallaka duba ta. Ta same ta zaune a bakin gadon, ruwa yana dukan kwano kamar zai ɓalle shi. Bahon yana nan inda suka ajiye shi, ko ɗigo bai sauka a ciki ba.