Akwai Wuta

Halliru mai gyaran salula ne a unguwar Sentul, can ƙasar waje, kuma in ka biye wa bakinsa, babu abin da ya fi ƙarfin yatsunsa. Da korona ta rufe gari, shagonsa ya koma wurin hamma. Shi ya sa ana sassauta doka, Najib ya kira shi aikin jirgin ruwa, Halliru bai tsaya cewa ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.

Najib ɗalibi ne ɗan gata. Ya sayi ɗan jirgi mai tafiya da iska a hannun wani Bature da ya tsere ƙasarsu, jirgin na ɗaure a bakin ruwa a Klang. So yake a sake wayoyin batir, a ƙara firij da lasifika, duk don ya burge wata Ulfa.

"Boleh, Malam Halliru? Za ka iya?"

"Boleh mana, yallaɓai. Wuta ai wuta ce, a ruwa ko a tudu."

Batiran suna wani lungu a ƙarƙashin benci, sai mutum ya kwanta rub da ciki ya cusa kafaɗu. Halliru ya haɗa wayoyi, fis ya ƙone. Ya sa wani, shi ma ya ƙone. Haushi ya kama shi, ya yi yadda ake yi a gida: ya cire fis ɗin, ya ɗaure wurin da guntun waya.

Najib na sama, takunkumi a haɓa, yana hirar bidiyo da Ulfa. "In wuta ta zo ka faɗa mini dai, in sa mata kiɗa."

Halliru ya fara jin ƙaurin roba. Kafin ya ankara wayar ta yi jawur, soson bencin ya kama. Ya yunƙura baya, kafaɗa ta maƙale. Tsoro ya sa ya damƙi wayar da hannu biyu yana ƙoƙarin fizge ta daga batir.

"Wuta! Najib, akwai wuta!"

"Alhamdulillahi," in ji Najib. "Kin ji ko, Ulfa? An kawo wuta." Ya kunna lasifika, ya ƙure murya.

Sai da hayaƙi ya taso, maigadin wurin ya sheƙo da tukunyar kashe gobara, ya janyo Halliru ta ƙafa. Najib ya fara duba bencinsa tukuna, sannan ya saka Halliru a tasi, ya ce ai asibiti ba sa barin ɗan rakiya yanzu. Gaskiya ce, kuma ta yi masa daɗi.

Kafin a sallamo Halliru, labarin ya zaga kowane mamak, wato shagon shan shayi. Najib ya iya ba da shi, har da kwaikwayon murya, ɗalibai suna riƙe ciki don dariya. Suka laƙaba wa Halliru suna Akwai Wuta.

Ranar da aka kwance masa bandeji, yatsun sun ƙanƙance, ba sa riƙe ko cokali, balle sukundireba. Ya ɗauki salularsa zai kira gida, ya ɗora babban yatsa inda ya saba ɗorawa don ta buɗe. Ta ce ba ta gane shi ba. Ya goge yatsan a riga, ya sake ɗorawa.