Na Ƙarshe da Zai Ji

"Ƙasar da za ka faɗi a titi a fara laluben aljihunka kafin a taɓa jijiyar hannunka, ita ake yaba mana?" in ji Baba Tsoho. Ni yake kallo, amma kowa a dakalin ya san ba da ni yake ba.

Hashim ne ya tayar da zancen, kamar kullum. Wai 'yan majalisar Amurka sun sake kaurewa da rigima kan inshorar lafiya, kuma shi ya san yadda za ta kaya. Mutumin da iyakar tafiyarsa Jidda. Muna zaune bayan la'asar a gindin gininmu a unguwar Jarwal ta Makka, shayi na zagayawa, an gama yi wa Baba Tsoho tsiya kan ƙungiyarsa ta ƙwallo, Wahda, wadda yake bi ko ta ci ko ta sha kashi.

"Uzairu, gaya wa masu ji," Baba Tsoho ya ci gaba, "can ma 'yan jarida ne ke hura wutar. Ka riga kowa faɗa, in ƙarya ce a gyara gobe."

Hashim ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Baba Tsoho ya ɗaga kofi zai kurɓa, sai kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Jikinsa ya saki, ni na tallabe shi kafin kansa ya bugi bango.

Bari in gaya muku abin da ke tsakaninsu. Hashim na da wani zaure a waya da ya raɗa wa suna Muryar Jarwal, duk Bahaushen unguwar yana ciki. Da shi yake kiran kansa ɗan jarida. Shekaru biyu baya Baba Tsoho ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, aka wuce da shi asibiti. Hashim ya ga an lulluɓe shi da mayafi saboda rana, bai tambayi kowa ba ya danna waya: "Inna lillahi, labari da ɗumi-ɗuminsa, Allah ya yi wa Malam Tsoho rasuwa." Mama Safiyatu, matarsa, tana kicin ta ji saƙon. Tana da hawan jini. Ta faɗi a gaban murhu ba ta sake magana ba. Baba Tsoho ya dawo gida da ƙafarsa, ita aka kai kabari.

Matar nan ita ta ciyar da ni lokacin da na zo Makka karatu ba ni da kowa. Don haka kada wani ya ce mini in yi haƙuri. Na tsani Hashim, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Ya zo neman gafara ya fi a ƙirga. Baba Tsoho bai kore shi ba, bai kuma amsa masa ba. Tsohon ya ci gaba da zuwa dakali, ana hirar zaɓen Amurka da ta ƙwallo da shi, amma ko sunan Hashim bai sake fita daga bakinsa ba.

Wannan karon likita ya ce zuciyar ta gaji, a mai da shi gida. 'Yarsa Mujahida ta shimfiɗa masa a ɗakin da ke kallon titi. Na shiga da hantsi na tarar tana ɗiga masa zamzam da cokali, rediyonsa a kan taga a kashe.

"Uzairu," ya ce, muryar can ƙasa. "Zan ba ka amana."

"Ina ji, Baba."

"In na cika, kada ya ji sai an rufe ni. Kowa ya riga shi. Shi ne na ƙarshe." Bai kira suna ba, amma mun san da Hashim yake.

"Yaba, haram alek, bai kamata ba, Baba, ka yafe masa mana," in ji Mujahida. Ita haifaffiyar nan ce, in ranta ya ɓaci Larabci ke riga Hausa fitowa.

"Yafiya tsakanina da Ubangijina ce, ki bar ta. Wannan dabam." Ya kama hannuna. "Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, Baba."

Bayan kwana kaɗan ya cika, da safe, yana salati. Na hana kuka mai ƙarfi. Na bi ƙofa ƙofa da ƙafata, kowa na ce masa kada ya rubuta komai a waya, kada ya buga wa kowa. Wallahi na ɗauka za a samu mai gardama. Ko ɗaya. Majid mai gidan burodi ma cewa ya yi, "Halas, ya sha abin da ya dafa." Ashe kowa na da ciwon Mama Safiyatu a ransa.

Saura fitar da gawa zuwa wurin wanka. Motar ɗaukar gawa ta tsaya a lungun baya, ana shirin saukowa da shi, sai ga Hashim ya ɓullo ta bakin lungun, waya a hannu. Na yi maza na tare shi, na tsaya yadda dole ya juya wa lungun baya.

"Uzairu, ya jikin Malam?"

Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Na ce, "Kai da ka san komai, wa kake ganin zai ci zaɓen Amurka mai zuwa?"

Fuskarsa ta washe. Shekara biyu ban ce masa ko sannu ba. Ya gyara tsayuwa ya fara zuba: jihar kaza ta juya, talakawansu sun gaji da kuɗin magani, jaridun can sun rabu gida biyu. Ina gyaɗa kai, ta saman kafaɗarsa ina kallon maƙwabta suna saukowa da Baba Tsoho a nannaɗe cikin bargo. Suka sa shi a mota, suka rufe ƙofa a hankali, mota ta sulale. Hashim yana kan bayanin yadda ake ƙirga ƙuri'a. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Bayan la'asar aka yi masa salla a Harami tare da sauran mamatan ranar. A can ba a kiran sunan kowa, sanarwa kawai ake yi cewa za a sallaci mamata, dubban mutane su miƙe. Daga nan muka wuce maƙabartar Shara'i. Da hannuna na zuba ƙasa.

Da magariba aka jera kujerun ta'aziyya a titinmu, aka ja fitilu daga bango zuwa bango. Ina tsaye a layin masu karɓar gaisuwa na hango Hashim tafe da ledar lemo, ya zo dubiya. Ya ga kujeru ya rage sauri. Ya ga Majid da jan ido. Sai ya tsaya a gabana.

"Wa ya rasu?"

"Baba Tsoho. Tun da safe."

"Da safe? Amma ai mun yi magana da kai…"

"Muna maganar aka wuce da shi ta bayanka. Shi ya ce kada ka ji sai an rufe shi. Yanzu sai ka je ka sanar."

Na jira ya yi faɗa, don na tanadi amsa. Bai yi ba. Sai ya ce, "A ina aka sallace shi?"

"Harami. Bayan la'asar."

"A Harami na yi la'asar," ya ce a hankali. "Na tsaya na yi sallar. Na roƙa musu gafara."

Na so in ce addu'arsa ba ta shafi Baba Tsoho ba, to amma ni wa? An ba ni amanar labari ne, kuma na riƙe ta.

Bai zauna cikin mutane ba. Ya wuce dakali ya zauna shi kaɗai a gefen wurin Baba Tsoho, ya ajiye ledar lemon a tsakani. Ya ciro waya, haskenta ya bayyana a fuskarsa, yatsansa na rataye a kai. Yana nan a haka har hasken ya mutu da kansa.