Fankar da Ke Shelar Wuta

A zauren gidansa na Samaru, Alhaji Jumare suka yi musafahar ƙulla yarjejeniya da ɗan hayarsa, Malam Gregory, malamin firamare. Alhaji zai sa masa sabuwar fanka, shi kuma Gregory zai daina ajiye babur a zaure, tun da sau biyu ke nan salansar babur ɗin na ƙona wa Alhaji ƙauri.

"Amma Malam, fankar nan lafiyarta lau," in ji Alhaji. "Ta girme ka."

"Shi ne ai, Baba Alhaji. A bar tsohuwa ta huta. Matata sai ta fito tsakar gida take jin waya."

Gaskiya ne, in fankar nan ta tashi sai ka rantse injin markaɗe ne aka ɗaure a silin. Makunninta ya daɗe da mutuwa, da an kawo wuta za ta kama ruri. Abin da Alhaji bai taɓa lura da shi ba, wannan rurin ne ke tashinsa daga majalisar ƙofar gida kullum, ya shiga ya kunna injin da ke jan ruwa zuwa tanki. Wutar unguwar kuwa ba ta da lokaci, in ta yi awa guda an gode.

Ya je Sabon Gari wurin Iyke mai kayan wuta, ya zaɓo wata fara sol. Iyke ya zo ya ɗaura, ya saɓi tsohuwar kyauta, har Alhaji na yi masa godiya.

Sabuwar fanka tana juyawa shiru kamar mai jin kunyar surukai. Litinin aka kawo wuta da hantsi, Alhaji na majalisa yana gardamar taki, aka ɗauke bai sani ba. Talata haka. Ran Laraba tanki ya ƙafe ƙaf, matarsa Hajiya ta aje masa buta babu ko ɗigo. Tela na maƙwabta ma ya zo jin ba'asi, wai wa ya kashe masu mai shela.

Alhaji ya hau Keke Napep sai Sabon Gari.

"Iyke, ba ni tsohuwata."

"Ga ta can sama, Alhaji. Ba ka ji iska ba?"

Alhaji ya ɗaga kai. Ita ce, har da lanƙwasar fiffikenta, amma ko uffan.

"Me ka yi mata?"

"Mai kaɗan na ɗiga, na ɗaure noti ɗaya."

"To kwance notin. Mayar mata da ciwonta."

"Alhaji, ni gyara na koya a wurin ogana. Wannan kuka shekara talatin aka yi ana haɗa shi, ba zan iya ba."

Alhaji ya dawo hannu rabbana. Ya roƙi Gregory ko zai riƙa ƙwala kira in wuta ta zo, Gregory ya ce yana makaranta, matarsa kuma tana kasuwa.

Iyke ya samu fanka, 'yan garuwa sun samu sabon gida. Gregory na shan iska amma wanka da rabin bokiti. Alhaji kuwa ya rasa majalisa, yanzu wuni yake a tsakar gida, ya zuba wa ƙwan fitila ido.